Ina matan suke a tarihin zane? Amsa ga wata ɗaliba a Kaduna

Wata ɗaliba da ke karatun zane a nan Kaduna ta aiko mini da tambaya. An ba su aikin rubutu a kan tarihin zane da sassaƙa, ta bi littafin darasinsu daga bango zuwa bango. Ta ce mata suna nan birjik a cikin hotunan, amma a jerin waɗanda suka zana su da ƙyar ta tsinci suna ɗaya ko biyu. Wani ɗan ajinsu ya ce mata ai dalilin a fili yake, Allah bai ba mata wannan baiwar ba. Tana son ta san ko gaskiya ya faɗa, in kuma ba gaskiya ba ne, ina matan suka shiga.

'Yata, na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma tambayarki ita ce ta dame ni sa'ad da nake kamar ke. Kafin mu tafi nesa, ki duba jakarki ko za ki samu takardar naira 10 da ta naira 20, ki juya bayansu. A bayan naira 10 akwai 'yan matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono a ka. An zana su da kyau, amma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. A bayan naira 20 kuwa akwai wata mata tana aikin tukunya, kuma an rubuta sunanta, Ladi Kwali. Ita kaɗai ce macen da aka sa hotonta tare da sunanta a takardar kuɗin ƙasar nan. Abin da kika gani a littafinki ke nan a tafin hannunki: macen da ake kallo tana ko'ina ba suna, macen da ta yi aikin kuma sai an yi sa'a ake rubuta ta.

Zan fara da Turai, tunda daga can aka rubuto yawancin littattafan da ake koyar da ku da su.

A Italiya da Faransa da Ingila, shekaru ɗaruruwa, zane yana da daraja hawa-hawa. Mafi girma shi ne babban zanen da ke ba da labarin tarihi ko na addini, mai mutane da yawa a ciki. Hoton mutum ɗaya yana biye, sai can ƙasa zanen furanni da 'ya'yan itace. Ba mai iya babban zanen sai wanda ya san ginin jikin ɗan Adam, yadda ƙashi da tsoka suke zama, kuma hanyar koyonsa a wurinsu ita ce a tsayar da mutum tsirara a gaban ɗalibai su zana shi. Wannan ajin an haramta wa mata shiga. To, an rufe miki ƙofar da ake bi a kai ga babban aiki, kin koma kina zanen furanni da fuskokin yara don nan ne aka bar miki, sai kuma a juyo a ce ai mata ƙananan abubuwa kawai suka iya. Babbar makarantar zane ta gwamnati a Paris ba ta karɓi mata ba sai 1897.

Akwai wani zane da nake nuna wa ɗalibaina kowace shekara. A 1768 aka kafa ƙungiyar masu zane ta sarauta a Landan, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai mata biyu, Angelica Kauffman da Mary Moser. Bayan 'yan shekaru wani ɗan ƙungiyar, Johan Zoffany, ya zana membobin suna tattare a ɗakin koyon zanen jiki. Mazan suna tsaye, suna zaune, suna hira. Matan biyu ba su cikin taron, sai hotunansu da ya rataye a jikin bango. Sun kafa ƙungiya da hannunsu, amma a ranar hoto sun zama kayan adon ɗaki. Bayan su ba a sake ba wata mace cikakken matsayi a ƙungiyar ba sai Laura Knight a 1936, shekara 168 ke nan.

Ki lura da wani abu game da 'yan kaɗan ɗin da suka tsallake. Yawancinsu 'ya'yan masu zane ne, a shagon ubansu suka koya. Mu nan mun san wannan, domin ɗan maƙeri a bakin zuga yake tashi. Yarinyar da ubanta ba mai zane ba ne ba ta da inda za ta je, ko da Allah ya cika ta da baiwa.

Cikinsu wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Artemisia Gentileschi, wadda aka haifa a birnin Rum a 1593. Tana 'yar shekara 17 ta zana labarin Susana, matar da wasu dattawa biyu suka leƙa tana wanka suka nemi su tilasta mata. Maza da dama sun zana wannan labari kafin ita, kuma sau da yawa sukan mai da matar abin sha'awa ga mai kallo. A zanen Artemisia matar ta kau da kai, ta ɗaga hannuwa tana ture su, jikinta duk a takure. Duk macen da aka taɓa tsare wa hanya za ta gane wannan yanayin nan take. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shekara guda bayan haka wani abokin aikin ubanta, Agostino Tassi, ya yi mata fyaɗe. Da aka je kotu a 1612, ita aka ɗaura wa igiya a yatsu ana matsewa don a ga ko za ta canza magana, yatsun da take riƙe buroshi da su. Ba ta canza ba. Ta ci gaba da aiki sama da shekara 40, sarakuna da attajirai suna sayen zanenta, kuma a 1616 ta zama mace ta farko da aka karɓa a ƙungiyar masu zane ta birnin Florence. A wata wasiƙa da ta rubuta wa wani mai sayen zanenta ta koka cewa sunan mace yana jawo shakka har sai an ga aikinta. Bayan rasuwarta aka manta da ita tsawon lokaci, wasu ayyukanta aka jingina su ga ubanta.

Wannan jinginawar ita ce hujjar da za ki kai wa ɗan ajinku. Judith Leyster ta yi suna a garin Haarlem na ƙasar Holan, ta shiga ƙungiyar masu zanen garin a 1633, har tana da ɗalibai nata. Da ta rasu a 1660 sunanta ya ɓace, aka riƙa sayar da zanenta da sunan shahararren mai zanen garin, Frans Hals, ko na mijinta. Sai a 1893 aka gano alamarta, haruffan J da L haɗe da ɗan tauraro, a jikin wani zane da aka sayar da tsada a kan cewa na Hals ne. Masana sun shafe shekaru suna yaba wannan zane a matsayin aikin gwani namiji. Haka wani zanen budurwa zaune bakin taga tana zane, wanda gidan tarihin Metropolitan na New York ya samu a 1917 da sunan shahararren mai zanen Faransa, Jacques-Louis David. Jama'a suka yi ta tururuwar kallonsa. A 1951 wani masani ya nuna ba na David ba ne, na mace ne, kuma a cikin bayanin nasa ya fara hango rauni a zanen da alamun halin mata, abin da ba wanda ya gani a baya. Yanzu an san aikin Marie-Denise Villers ne na 1801. Fentin bai canza ba, ƙyallen bai canza ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan da baiwar mace ta gaza ta namiji, da idon masana bai ruɗu ba tun farko.

Su littattafan kansu suna da tarihi. Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a 1550, mace ɗaya ya ware wa babi, Properzia de' Rossi mai sassaƙar dutse. Manyan littattafai biyu da aka koyar da duniya da su a ƙarni na 20, na Gombrich da ya fito a 1950 da na Janson da ya fito a 1962, sun fito ba tare da aikin mace ko ɗaya ba, kuma na Janson bai gyara ba sai 1986. A 1971 wata malamar jami'a a Amurka, Linda Nochlin, ta rubuta maƙalar da ta juya wannan fanni. Ta ce a daina neman dalili a jikin mace ko ƙwaƙwalwarta, a dubi makarantu da ƙungiyoyi da masu kuɗi, wa suka buɗe wa ƙofa, wa suka rufe wa. A 1989 wasu mata masu zane da ke kiran kansu Guerrilla Girls suka shiga gidan tarihin Metropolitan suka yi ƙirga: a sashen zanen zamani mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 cikin 100 na hotunan tsiraici na mata ne.

Wannan duk labarin can ne. Abin da ya fi ci mini rai yana gida, kuma nan nake so ki sa ƙarfin rubutunki.

Turawa sun raba aikin hannu gida biyu. Abin da aka zana da fenti aka rataye, ko aka sassaƙa aka girke don kallo kawai, shi ne fasaha. Abin da ake amfani da shi, a sha ruwa, a ɗaura, a shimfiɗa, shi ne sana'a, darajarsa ƙasa. Da wannan rabon ya shigo makarantunmu, sai kusan duk abin da hannun mace ke yi a ƙasar nan ya faɗa ɓangaren ƙasa a tashi ɗaya. Bahaushe ba shi da wannan rabon tun asali. Gwani gwani ne, gwana gwana ce, ko a gini ko a kitso.

Kakata ba ta taɓa riƙe buroshi ba. Amma na gan ta da mazari da alli tana kaɗi, zare yana fita siriri bai ɗaya, ba ƙulli ba kauri. Tufafin Kano da suka ratsa Sahara, waɗanda matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yi mamakin cinikinsu da ya zo a 1851, zarensu daga hannun mata irinta ya fito. An san masaƙa, an san marina, an san fatake, ba a san mai kaɗi ba. Har yau in kika je marinar Ƙofar Mata kika ga zanen da ya fito a jikin ƙyallen, sau da yawa mace ce a cikin gida ta ɗaure shi ƙulli-ƙulli kafin ya shiga baba. Mai rini ake ɗauka hoto. Ki tuna da daɓen ɗaki da makuba, mata sun jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi tana sheƙi. Ki tuna da jeren ɗakin amarya, yadda ake tsara kwanoni da tasoshi launi bisa launi tun daga ƙasa har rufi, da idon da ya san inda ja zai zauna da inda fari zai huta. In wani ya yi irin wannan a zauren baje koli a Landan, za a rubuta sunansa a bango a yi masa sharhi a jarida. Ki tuna da faifai, da lalle, da hular da mahaifinki yake sawa ranar Juma'a. A Zariya mata da yawa a cikin gidajen kulle suna zaune da allura makonni a kan hula ɗaya, wasu ma sun shiga ɗinkin babbar riga, aska biyu da aska takwas, aikin da a da na maza ne. In rigar ta fito kasuwa, sunan dillali ake ji.

Mun san sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma ya cancanci a san shi. An riƙe sunansa ne domin sarki ya yi wa aiki, kuma a fada ake ajiye labari. Aikin mata a cikin gida ake yin sa, a cikin gida yake tsufa, daɓe ya fashe, lalle ya goge, zane ya yage.

Yanzu mu koma ga Ladi Kwali, don labarinta ya fi yadda ake taƙaita shi. An haife ta wajen 1925 a garin Kwali, a ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane aikin mata ne. A wurin gwaggonta ta koya. Ba inji, ba faifan juyi. Mace takan murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafarta tana lailayewa, har randa ta tashi da'ira cif kamar an auna. Sannan ta ɗauki ɗan tsinke ko wuƙa ta zana ƙadangare, kunama, kada, kifi, hawainiya da tsuntsu a jikinta. Tun kafin wani Bature ya ji labarinta an san ta a yankin, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a gidansa. A can ne Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko, ya fara ganin aikinta. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi faifan juyi da shafa ruwan ƙyalli da gashi a wuta mai tsananin zafi. Aka kai aikinta Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Amurka a 1972 tana gina randa a gaban ɗaliban jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi karatun boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Ga abin da nake so ki yi tunani a kai. Randar Gbagyi ta asali tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, shi ya sa ruwan cikinta yake sanyi. Randar da aka yi a cibiyar Cardew an shafe ta da ruwan ƙyalli an gasa ta har ta zama kamar dutse, ta yi nauyi, ba ta kuma sanyaya ruwa. Wato ranar da randar ta daina aikin randa, ranar aka fara kiranta fasaha, aka buga mata hatimin LK a gindi, aka sa mata farashi a Landan. Ina girmama Cardew don ya ga gwaninta ya kuma faɗa da bakinsa. Amma hannun Ladi ya riga ya ƙware kafin 1954, kuma gwaggon da ta koya mata ba ta shiga kowane littafi da sunanta ba. Wasu mata sun biyo ta cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto, su ma gwanaye ne, kuma da wuya ki ji an ambace su. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da yau ake rububin tukwanenta a manyan gidajen tarihi, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin waɗannan matan.

Ki je gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu ki tsaya gaban kayan Nok, wato tsofaffin siffofin yumɓu da aka tono daga ƙasa. A jiharmu garin Nok yake, a ƙaramar hukumar Jaba. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928, kuma a 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum na gasasshen yumɓu daga Jama'a, wanda har an yi shekara ana korar tsuntsaye da shi a gonar doya. Binciken baya-bayan nan ya nuna an fara yin waɗannan siffofi tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ba suna a jikin ko ɗaya. Amma ki lura da yadda ake magana a kansu: kullum "mai sassaƙar", "shi", "ya yi". Alhali siffofin nan holoƙo ne a ciki, an gina su ne da murzajjen yumɓu ana ɗorawa, hanyar da matan yankin suke gina tukunya har gobe. Wannan bai tabbatar da cewa mata ne suka yi ba. Ya dai isa ya hana mu cewa maza ne ba tare da hujja ba. Ko a kogunan Faransa da Sifaniya, inda mutanen farko suka bar shatin tafin hannunsu a bango, wani masani mai suna Dean Snow ya auna hannaye 32 a 2013 ya ce 24 na mata ne. Adadin kaɗan ne, wasu kuma sun ja da shi, amma kafin nan an daɗe ana ɗauka cewa na maza ne.

Sai labarin Zariya, wanda na tabbata yana cikin littafinki. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turai ba, za su haɗa abin gida da na zamani. Daga nan zanen Najeriya na zamani ya samu alƙibla, kuma ina alfahari da su. Abu biyu ne ake tsallakewa. Na farko, cikin malamansu akwai mace 'yar ƙasa, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda ta yi karatu a makarantar zane ta Chelsea a Landan, ta fara koyarwa a Zariya a 1955, lokacin da kusan duk malaman sashen Turawa ne. Ana haddace sunayen ɗalibai, ana mantawa da malamar. Na biyu, Uche Okeke, wanda a Kafanchan ya tashi, salon da ya shahara da shi sunansa uli, kuma uli zanen matan Ibo ne, a jikin mutum da bangon ɗaki suke yin sa. A wurin mahaifiyarsa ya nemi saninsa, shi da kansa bai ɓoye ba. Da uli ya hau takarda a hannun maza masu digiri, ya zama fasahar zamani. A hannun matan da suka ƙirƙire shi kuwa an bar shi a matsayin al'ada.

Ni ma na ɗanɗana nawa. A makarantar da na yi karatu na nemi shiga sashen sassaƙa, wani malami ya ce mini guduma da kurfi ba na mata ba ne, in je sashen rini da saƙa, can ya dace da ni. Na yi kuka a ranar. Daga baya na gane raini biyu ya haɗa a magana ɗaya, ya raina ni, ya kuma raina saƙa. Da na karanta tarihin makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda aka buɗe a 1919 da alkawarin ba za a bambanta mace da namiji ba, sai na tarar su ma haka aka yi musu, aka riƙa tura mata ɗakin saƙa. Daga wannan ɗakin shahararrun gwanayen saƙa Anni Albers da Gunta Stölzl suka fito.

Ɗaya rabin tambayarki shi ne yadda ake nuna mace a cikin zane. Ki zagaya inda ake sayar da zane a bakin otal-otal na garin nan. Za ki ga mace da ƙwarya a ka, mace tana daka, mace da goyo, budurwa tana rawa. Ba laifi ba ne, rayuwarmu ce. Amma ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, sau nawa kika ga an zana mace da alƙalami da tawada? Wannan idon gado ne daga katunan hoto na zamanin mulkin mallaka, inda ake tsayar da yarinya a ɗauke ta, a rubuta sunan ƙabilarta a ƙasa maimakon nata. A Turai ma haka baƙar mace ta sha. A shahararren zanen Édouard Manet na 1863 mai suna Olympia akwai baƙar mata riƙe da furanni, ta cika babban ɓangare na zanen, amma masu sharhi sun shekara fiye da 100 suna wuce ta kamar labule. Sunanta Laure. Farar da ke kwance kuma, Victorine Meurent, ita ma mai zane ce, har an karɓi aikinta a babban baje kolin Paris a 1876, amma da tsiraicinta aka san ta.

Ina 'yar firamare aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, aka yi babban hawan daba a nan Kaduna. Tambarin bikin fuskar mace ce, Idia, uwar Oba Esigie, sarkin masarautar Benin, wadda aka sassaƙa da hauren giwa a ƙarni na 16. Sojojin Ingila sun kwashe ta a 1897, kuma da aka nemi aronta don bikin ba a bayar ba, sai sabuwa aka sassaƙa. Na kawo ta ne don ki ga kakanninmu a nahiyar nan sun san yadda ake nuna mace da iko da kwarjini, da sunanta. Hoton Sarauniya Amina ta Zazzau da kika sani, a kan doki da takobi, shi kuma ba wanda ya zana ta tana raye, tunanin masu zanen zamaninmu ne. Yana da kyau ki tambayi kanki me ya sa muka fi saurin girmama mace in ta riƙe takobi fiye da in ta riƙe mazari.

Na san a gidaje da yawa akwai damuwa game da zana abu mai rai, wataƙila ke ma an yi miki maganar. Wannan fagen malamai ne, ki tambaye su. Abin da zan ce a fagena shi ne yawancin fasahar matanmu, ta hula da faifai da lalle da rini, tsarin layi da launi ne, ba ta shiga wannan saɓanin ba. Kuma mata suna da tarihi a rubutun Alƙur'ani: akwai sanannen mus'hafi a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, na wajen shekarar 1020, wanda wata mata mai suna Faɗima, mai renon sarkin lokacin, ta sa aka rubuta ta kuma yi waƙafinsa ga babban masallacin garin.

Game da aikin da aka ba ki, ga shawarata. Ki ba Turai shafi biyu, Leyster da Villers sun ishe ki hujja. Sauran ki fita da littafin rubutu da wayarki. Ki je kasuwar Kawo ranar Talata wurin masu tukwane, ki tambayi daga wane gari aka kawo su, wace ce ta gina, wa ya koya mata. Ki je wurin mai sayar da huluna ki roƙe shi ya haɗa ki da mai ɗinkin, in mijinta da ita sun yarda ki zauna da ita, ki tambaye ta sunan kowane zane da kwana nawa yake ci da nawa ake biyanta. Kada ki ɗauki hoton kowa sai da izininta. A ƙarƙashin kowane hoto ki rubuta cikakken sunan mai aikin, da garinsu, da shekarar da ta yi shi, da sunan wadda ta koya mata, kamar yadda littafinki ya yi wa Manet. In kakarki tana raye, da ita za ki fara. In kin gama ki kawo mini in duba kafin ki miƙa.